Akwati Mai Lamba 4417

Rugar Studenac, 20 ga Yuni

Vukota ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abincin kirki, ba taliyar nan da kake aiko mana da hotonta ba. Mu mun hau dutse tun sha biyu ga wata da tumaki tamanin da uku da shanu huɗu. Ciyawa ta yi kyau bana, cuku yana kamawa. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta.

Baba bai hau da ƙafarsa ba. Obrad ɗan Baffa Milisav ne ya kawo shi a bayan tarakta, kwance a kan katifa, yana zagin hanya yana zagin direba. Likita ta ce zuciyar ce, ta ce kada ya hau dutse. Ya ce mata shekara saba'in da shida bai taɓa yin ranar Annabi Iliya, waliyyin gidanmu, a kwari ba, ba zai fara don yarinya mai farar riga ba.

Ka san mai slava, wato mai riƙe da bikin waliyyin gida, ba ya zama. Daga kunna kyandir har baƙo na ƙarshe ya tafi, a tsaye yake yana hidima. Bara sau uku na ga Baba ya dafa bango yana yi kamar yana gyara takalmi. Bana ya san ba zai iya ba. Shekaranjiya ina tatsa ya kira ni ya ce, "Rubuta wa mai taurarin nan. Ki ce masa ranar Iliya zan miƙa masa slavar gidan nan a ƙofar coci, a gaban jama'a, yadda ubana ya miƙa mini. Ya zo ya kama gefen burodin bikin."

Na ce, "Baba, ni da na yi shekara ashirin ina toya burodin fa?"

Ya ce, "Ke mace ce, Kova, kar ki sa ni magana."

To ban sa shi ba. Ina dai gaya maka, in ba ka zo ba Obrad ne namiji mafi kusa, kuma ya sani. Kwana biyun nan har itace yake faskara mana, mutumin da ko uwarsa bai taɓa faskara wa ba. Shekara sha ɗaya ke nan ba ka taka dutsen nan ranar Iliya, biyu ga Agusta, ba. Ban taɓa roƙonka ba, yau ina roƙonka.

Sai abu na biyu. Obrad ya ce motar eriyar da ƙaramar hukuma take hawo da ita kowace ranar Iliya don wayoyin baƙi ba za ta zo bana ba, wai aikinku ne zai maye gurbinta. Gaskiya ne? Ka aika amsa wajen Danica ta gidan waya, za ta buga a takarda ta ba mai motar cuku.

Yayarka,
Koviljka


Torino, 2 ga Yuli

Yaya Kova,

Na samu wasiƙarki, na karanta sau uku. Ina lafiya, sai gajiya. Ki gaida Baba, ki shafa wa gwiwarki man da na aiko, ba ajiya na aiko shi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ba zan samu zuwa ba. Ranar ashirin da biyar ga wannan wata za a kunna aikin da na yi shekara huɗu a kansa, kuma sati biyun farko babu wanda zai motsa daga ofis. Na roƙi Ornella, shugabar sashenmu, ta kalle ni kamar na ce ta ba ni motarta. Kafin ki yaga takardar, ki ji sauran.

Abin da Obrad ya faɗa gaskiya ne, kuma ba a bukatar motar. Za a sa jirage marasa matuƙi su riƙa shawagi can sama da gajimare a kan duwatsunmu, suna karɓar kiran waya suna miƙa wa taurarin ɗan'adam. Wahalar ita ce taurarin ba sa tsayawa, jiragen ma haka, hanyar da take buɗe yanzu bayan minti uku ta rufe. Dole a samu mai zaɓa wa kowane kira hanya, ya kuma san inda za a ƙara ƙarfi da inda za a rage. Mutum ba zai iya ba. Shi ya sa muka gina na'ura mai koyo. Mun ba ta tarihin kiran waya na shekara uku ta yi ta dubawa har ta gane inda mutane suke taruwa da lokacin da suke taruwa. Kin san tsohon ragon Baba mai ƙararrawa, da ba a nuna masa hanyar ruwa? Kamar haka take.

Na'ura irin wannan abin da aka ba ta take koya, don haka sai an tace tarihin an fid da shirme kafin a ba ta. Ki gaya wa Baba na yankinmu ni na tace shi da hannuna a lokacin sanyin da ya wuce, ban bar wa kowa ba.

Na kira Fada Gavrilo na cocinmu. Ya yi ta jan magana, daga baya ya yarda. Ke za ki kama gefen burodin a madadina, a ɗaga waya Baba ya gan ni in gan shi, in ba da amsa da bakina. Zan sa kwat, zan kunna kyandir a nan. Baɗi kuwa ni zan tsaya a kan baƙi da ƙafata, na yi alkawari.

Ƙanenki,
Vukota


Rugar Studenac, 13 ga Yuli

Vukota,

Muna lafiya. Kerkeci ya ɗauki tunkiya ɗaya. Baba yana cin abinci kaɗan, yana magana da yawa.

Na karanta masa wasiƙarka a bakin bukka. Da na zo kan waya ya ce, "Wato gilashin waya zan sumbata maimakon ɗana?" Na ce Fada ya yarda. Ya ce, "Fada ai har da talabijin yake sallar asuba." Ya juya mini baya.

Washegari ya ce in maimaita masa wajen da ka ce kai ka tace na yankinmu da hannunka. Na maimaita. Ya ce, "Bai bar wa Italiyawa ba?" Na ce haka ya rubuta. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "To bai manta da mu ba ke nan. A yi yadda ya ce." Tun ranar duk wanda ya biyo ta nan sai ya tsayar da shi ya nuna masa sama da sanda, wai ɗansa ne yake kiwon taurari. Jiya ya ce wa Obrad ya ajiye gatarinsa, itace ya ishe mu.

Ni ce dai ban san wa zan gode wa ba. Hannuna ne zai kama burodi, bakinka ne zai amsa, sunanka ne za a faɗa. Na yarda don Baba. Kada ka ɗauka na ji daɗi.

Koviljka


Torino, 3 ga Agusta

Yaya Kova,

Lafiya kuwa? Ina fata Baba lafiya. Jiya tun ƙarfe tara ina zaune da kwat a ɗakin taro, kyandir yana ci a kan tebur, abokan aiki suna leƙowa suna dariya. Na kira ki sau arba'in da wani abu, bai shiga ba. Na kira Obrad, na kira Fada, duk haka. Yau da safe wayarki ta yi ƙara, kika ƙi ɗauka.

Ranar Lahadi da muka gwada ai kin gan ni tar, Baba har ya ce na yi ƙiba. Layin yana aiki. In Baba ne ya sake shawara ya ce a kashe wayoyi don ya ba Obrad, da sai ku gaya mini, ba ku bar ni zaune gaban mutane kamar gunki ba. Kuma in ke ce kika ga ba za ki iya ara mini hannunki ba, ai kin rubuta cewa ba ki ji daɗi ba, na gane. Amma wannan ba hanya ba ce.

Vukota


Rugar Studenac, 8 ga Agusta

Vukota,

Ka tambayi lafiyar Baba a layi ɗaya, zan ba ka amsa a layi ɗaya: yana kwance tun ranar. Yau mai motar cuku ya kawo takardarka. Da kana kusa da na mare ka.

Ni na kashe waya? Bari ka ji yadda aka yi, tunda na'urarka ba ta gaya maka ba.

Tun hantsi dutse ya cika. Motoci har bakin rafi, 'yan Jamus da 'yan Amurka namu, masu zama a can, duk sun dawo da yaransu masu gajeren wando, an ce mutane sun fi dubu biyu. Da sassafe ina da sabis cikakke. Da jama'a suka fara hawowa sai ya fara raguwa, ƙarfe goma bai cika ba ya ɗauke ƙaf. Ba tawa kaɗai ba, ta kowa. Ka ga mutane suna hawa kan duwatsu suna ɗaga hannu sama.

Baba ya sa rigar bikinsa da hularsa. Aka kawo masa kujera a ƙofar coci ya ce a ɗauke, slava tana hannunsa har yanzu, ba zai zauna ba. Fada ya yanka burodi ya zuba ruwan inabi, Baba ya kama gefe, na kama gefe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya. Muka juya burodin sau uku. Fada ya ce, "Almasihu yana tsakaninmu," ya dubi wayar yana jiran amsarka. Babu komai a gilashin sai wani ɗan zobe yana ta juyawa.

Baba ya ce, "A jira shi."

Muka jira. Fada ya yi wa gidaje huɗu nasu ya dawo. Matar Obrad ta ce da ƙarfi don a ji, "Ko taurarin ma sun tafi hutun bakin teku ne?" Aka yi dariya. Wani ya ce wa Baba, "Mijajlo, ina mai kiwon taurarin naka?" Baba bai kalli kowa ba, gumi yana bin wuyansa, ƙafafunsa suna rawa, ina jin rawar a cikin burodin da muke riƙe tare. Na ce, "Baba, zauna don Allah." Ya ce, "Rufe mini baki. Zai kira."

Awa ɗaya da rabi ya yi a tsaye cikin rana, Vukota. Obrad ya matso ya miƙa hannu ya ce, "Baffa, kawo in kama, jini ɗaya ne ai." Baba ya ce, "Janye hannunka, ina da ɗa." Daga nan gwiwarsa ta saki. Ni na tare burodin, maza suka tare shi. Ba a karya shi ba. Na naɗe shi a ƙyalle, yana nan kan kanta ya bushe.

Ba a samu kiran motar asibiti ba, a tarakta aka sauka da shi, likita ta duba shi, ya tada rigima sai da aka mayar da shi nan. Da yamma baƙi suka watse, sabis ya dawo cikakke, saƙonninka suka yi ta shigowa. Baba ya ji ƙarar ya ce, "Shi ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Yanzu ya samu lokaci." Ya juya fuska bango.

A ganinsa ka shagala ne da aiki ka ƙi ɗauka. Ban san abin da zan ce masa ba, don ni ma ban san gaskiyar ba. Kada ka kira ni, ba na son jin muryarka yanzu. In kana da magana ka rubuta.

Koviljka


Torino, 19 ga Agusta

Yaya,

Ina fata jikin Baba da sauƙi. Ki yafe mini takardar da na rubuta miki cikin fushi. Na daɗe ban amsa ba don kwana shida ina neman inda abin ya lalace, da na samu kuma na yi kwana biyar na kasa rubutawa.

Jiragen suna nan a kanku ranar, taurarin suna nan, babu abin da ya karye. Na'urar ce ta ga wayoyi dubu biyu sun bayyana a inda ta san ba a wuce arba'in, ta yanke cewa ƙarya ce, wata eriya ce ta haukace. Sai ta rufe wajen don kada shirmen ya cinye hanya, ta mayar da ƙarfin bakin teku inda masu hutu suke. Ta yi daidai abin da aka koya mata.

Kin tuna tacewar da na ce na yi? A wajenmu taswira ba ta da sunan gari ko dutse, an yanka ta akwati-akwati, kowanne da lamba. A watan Janairu kwamfuta ta fito mini da jerin ranaku wajen ɗari shida da ta ce lissafinsu bai yi kama da gaskiya ba, ni kuma in duba in ce a bari ko a share. Yawancinsu shirme ne da gaske. A cikinsu akwai akwati mai lamba 4417, biyu ga Agusta, shekara uku a jere, daga waya arba'in zuwa dubu biyu, washegari ya koma arba'in. Na duba kalandar hutu ta ofis, babu komai a ranar. Na rubuta a gefe, "Babu mutane a nan, kuskuren na'ura ne." Na share ukun. Sunana yana ƙasa, da lokaci, bai kai minti ɗaya na yi a kan layin ba.

Akwati 4417 shi ne Studenac, Yaya. Ni da aka haifa a bukkar nan na ga biyu ga Agusta sau uku a gabana, ban ji komai ba. Da na bar wa Italiyawan ma, da wata ƙila wani ya buɗe taswira ya tambaya. Ni ban buɗe ba don ina ganin na san yankin.

Ornella ta ce rana ɗaya ce a akwati ɗaya, sauran aikin ya yi kyau, har taya ni murna aka yi. Na mayar da ranakun, an sake koyar da na'urar, baɗi za ta san da ku.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya wa Baba ina zaune ina jira, na'ura ce ta yanke layin. Wannan gaskiya ne. Sauran ki bar shi tsakaninmu, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Zan zo farkon Oktoba, a karya burodin ko a bakin gadonsa ne.

Ƙanenki,
Vukota


Gida, 24 ga Satumba

Vukota,

Na san Danica ta kira ka ranar da abin ya faru, na san kuma dalilin da ka bayar na rashin samun jirgi kafin a binne Baba. Ba a kansa zan rubuta ba. Mun sauko da dabbobi da wuri, ina lafiya, mutane sun yi mana kara sosai.

Ka ce in gaya masa rabi. Na yi niyyar haka, Allah ya sani. Na zauna a bakin gadonsa na ce, "Baba, yaron yana zaune da kwat da kyandir yana jira, na'ura ce ta yanke layi." Ya kalli rufi. Ka san shi, tunkiya ba ta taɓa ɓata masa ya yarda cewa ita ta ɓatar da kanta ba. Ya ce, "Na'urar nan wa ya koya mata?"

Na ce, "Su da yawa ne."

Ya ce, "A takardar farko ya ce namu shi ya yi da hannunsa. Ɗauko ta ƙarshen nan ki karanta mini duka, kar ki tsallake, ina ganin idonki."

Na karanta masa. Da na zo inda ka rubuta babu mutane a nan, ya ce in sake. Na sake. Na zaci zai yi zagi, da ya yi da na ji sanyi. Bai yi ba. Ya ce, "To ki daina jin haushin ƙarfen. Abin da yaron ya sani ya koya masa."

Bai ƙara ambaton sunanka ba. Kwana uku bayan haka ya aika Obrad ya hawo da Fada Gavrilo. Obrad ya zo da sabuwar riga, ya yi aski. Baba ya ce in sauko da burodin daga kanta. Ya sa muka ɗaga shi, ya tsaya da ƙafarsa yana dafe da gado, ya ce, "Kova, kama."

Obrad ya ce, "Baffa, mace fa? A wane gida aka taɓa yi?"

Baba ya ce, "A gidan da ita kaɗai ce a ciki."

Fada ya yi ɗan tari, ya duba littafinsa, ya fara. Burodin ya bushe har sai da muka haɗa da gwiwa kafin ya karye. Ni na ba da amsar da bakina. Da aka gama Baba ya ce, "Yanzu a kawo mini kujera," ya zauna. Ranar tara ga wata ya rasu.

Kada ka zaci ina murna. Shekara ashirin ina son abin nan, ban same shi don wahalar da na sha ba, na same shi ne don ba ka ɗauka ba. Har ya mutu kai yake so ya ba. Wannan shi da kai kuka yi mini tare, kuma shi ya riga ya tsere mini.

Na'urarka ta koyi darasi, ban ƙi ba. Kafin mu sauko har cikin garke akwai sabis, ban dai da wanda zan kira. Oktoba kada ka wahalar da kanka, babu abin da ya rage a karya.

Baɗi ranar Iliya zan kunna kyandir a Studenac. Ƙofar mai slava ba a rufe wa kowa, don haka in ka ga dama ka zo. Ka yi alkawarin za ka tsaya a kan baƙi da ƙafarka, na ɗauke maka. Za a ba ka kujera tare da 'yan Jamus da 'yan Amurka, ni zan tsaya in zuba maka abinci.

Koviljka, 'yar Mijajlo